Yadda Ake Karanta Lokaci a Tambayoyin Motsi na Fizik

Wata rana bayan la'asar muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, a unguwar Hausare ta Garwa, sai 'yar maƙwabcinmu da ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta zo da takardar gwajinta a naɗe cikin mayafi. Ta buɗe ta miƙo mini. An ja jan layi a kan amsarta ta mita 9, an rubuta 5 a gefe. Idonta ya yi ja, ta ce: «Malam, don Allah ka duba, ai lissafina daidai ne, sau uku na maimaita.» Na duba, kuma gaskiyarta, babu kuskure ko ɗaya a lissafin. An tambaye ta nisan da babur ya yi a cikin sakan na uku, ita kuwa ta lissafa nisan da ya yi a sakan uku na farko. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin yarinya ce mai ƙoƙari, kuma na san da yawa irinta suna zubar da maki a jarrabawar Probatuwar da Bak, na ƙarshen sakandare a Kamaru, ta wannan ƙofar. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake koyar da abin, mataki bayan mataki.

Kafin mu shiga, a nan zan riƙa cewa sakan da minti da awa. Na guji kalmar daƙiƙa da gangan: a bakin Hausawa da yawa tana nufin sakan, amma a Larabci, har da wanda ake yi a Injamena da Kuseri, minti take nufi. Ɗalibin da ke jin harsunan biyu yana iya ruɗewa tun bai fara ba. Haka kuma zan rubuta guntun adadi da waƙafi, kamar 0,5 ko 9,8, yadda muke yi a makarantunmu.

Mataki na farko: raba ɗigon lokaci da tsawon lokaci

Lokaci iri biyu ne a tambayoyin motsi. Akwai ɗigon lokaci, wato abin da agogo ke nunawa a ƙiftawar ido guda, ba shi da tsawo. Shi ne t. A takardar jarrabawa, da ake yi da Faransanci, za ka gan shi da sunan «instant» ko «date», kuma «date» a fizik ba ranar wata ake nufi ba, abin da agogon tambayar ke nunawa ake nufi. Akwai kuma tsawon lokaci, «durée», wanda ke da farko da ƙarshe, ana rubuta shi Δt, kuma ana samunsa ta cire ɗigon farko daga ɗigon ƙarshe: Δt = t₂ − t₁.

Ka tuna yadda ake kafa danga. Ana kafa dirkoki, a ɗaura zana tsakaninsu. Dirka ita ce ɗigon lokaci, zanar da ke tsakanin dirka biyu ita ce tsawon lokaci. Dirka shida a jere zana biyar suke ɗauka. Wurin da abu yake da kuma gudunsa a wani lokaci, a kan dirka ake tambayarsu. Nisan da ya ci da matsakaicin gudunsa, a kan zana ake tambayarsu. Da zarar ka karanta tambaya, abin da za ka fara tambayar kanka ke nan: dirka ake nema ko zana?

Mataki na biyu: zana layin lokaci kafin ka taɓa kowace ƙa'ida

A takardar gwaji, ja layi miƙaƙƙe, ka sa ɗigo-ɗigo: 0, 1, 2, 3, 4, 5. Waɗannan lambobi a ƙasan layi suke zama. A saman layi kuma, a tsakanin kowane ɗigo biyu, rubuta sunan sakan ɗin: tsakanin 0 da 1 «na farko», tsakanin 1 da 2 «na biyu», tsakanin 2 da 3 «na uku», haka har ƙarshe. Wannan zanen ba ya cin sakan ashirin, amma ni ban yarda ɗalibina ya tsallake shi ba ko da ya ga kamar ya gane.

Yanzu sai ka ɗora kalmomin tambayar a kan layin. Ga waɗanda suka fi zuwa:

«À la date t = 3 s» ko «à l'instant t = 3 s»: ɗigon 3 kaɗai.

«Au bout de 3 s»: agogo ya kai 3. In gudu aka tambaya, gudun ɗigon 3 ne. In nisa aka tambaya, daga 0 zuwa 3 ne.

«Pendant les 3 premières secondes», sakan uku na farko: daga 0 zuwa 3, tsawonsa sakan uku.

«Pendant la 3e seconde», a cikin sakan na uku: daga 2 zuwa 3, tsawonsa sakan ɗaya tak.

«Au début de la 3e seconde», farkon sakan na uku: ɗigon 2. «À la fin de la 3e seconde», ƙarshensa: ɗigon 3. Ke nan ƙarshen sakan na uku da farkon sakan na huɗu abu ɗaya ne.

Wanda ya fi wahalar shiga kai shi ne cewa sakan na uku yana farawa daga 2. Amma mun saba da wannan ƙirgen a rayuwa, ba mu lura ba ne kawai. Yaron da ya cika shekara biyu, me muke cewa? Ya shiga ta uku. Daga ranar da ya cika biyu zuwa ranar da zai cika uku, duk yana cikin shekara ta uku. A azumi ma muna raba wata gida uku, goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin sallah. Wanda ya ce ya yi wani abu a goma ta biyu, bayan an kai azumi goma yake nufi har zuwa na ashirin, ba wai kwana ashirin na farko gaba ɗaya ba. Masu zuwa kallon ƙwallo a filin Rumde Ajiya su ma sun san wannan: in aka zura ƙwallo agogon wasa na nuna 22:30, a minti na 23 za a rubuta ta, domin an cika 22 an shiga na 23.

Mataki na uku: cika layin da wurare, sannan ka yi ragi

Mu ɗauki tambayar yarinyar nan. Babur yana tsaye, ya tashi da ƙaruwar gudu a = 2 m/s², wato kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da mita biyu a sakan. Ƙa'idar wuri ita ce x = ½at², wanda a nan ya zama x = t². Rubuta wurin babur a ƙarƙashin kowane ɗigo: a 0 yana mita 0, a 1 yana mita 1, a 2 yana mita 4, a 3 yana mita 9, a 4 yana mita 16, a 5 yana mita 25.

Da wannan jerin a gabanka, duk abin da za a tambaya ragi ne. Sakan uku na farko: 9 − 0 = mita 9. Sakan na uku: 9 − 4 = mita 5. Sakan biyu da suka biyo bayan ukun farko, daga 3 zuwa 5 ke nan: 25 − 9 = mita 16.

A wannan na ƙarshen akwai wani rami. Ɗalibi ya ga «sakan biyu», sai ya sa t = 2 a cikin ½at², ya sami mita 4. Kuskuren shi ne ƙa'idar x = ½at² tana ɗaukar cewa abu ya tashi daga tsaye a lokacin da t yake sifiri. A ɗigon 3 kuwa babur ba a tsaye yake ba, yana gudun mita 6 a sakan. In kana so ka yi aiki da sakan biyun kai tsaye, dole ka sa wannan gudun a matsayin gudun farko: 6 × 2 + ½ × 2 × 4 = 12 + 4 = 16. Amsar ɗaya ce. Harafin t da ke cikin ƙa'ida ɗigo ne da aka ƙirga daga sifiri, ba kowane tsawon lokaci ake cusa masa ba.

Ka dubi nisan kowane sakan a jere: 1, 3, 5, 7, 9. Lambobin mara ne, ɗaya bayan ɗaya. Galileo ne ya bayyana wannan tsarin ga abin da ya tashi daga tsaye da ƙaruwar gudu marar canzawa, a littafinsa da aka buga a 1638, bayan ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako mai gangara. Yana da amfani wajen duba amsa: in abu ya tashi daga tsaye, nisan sakan na biyu ninki uku ne na na farko, na uku ninki biyar. In ka sami wani abu dabam, koma ka duba.

Akwai gajeriyar ƙa'ida ta nisan sakan na n: d = v₀ + a(n − ½), inda v₀ shi ne gudun farko. A misalinmu, 0 + 2 × 2,5 = 5. Ban hana a haddace ta ba, amma na fi son ɗalibi ya san inda ta fito. Idan ƙaruwar gudu ba ta canzawa, matsakaicin gudu a cikin wani tsawon lokaci daidai yake da gudun tsakiyarsa. Tsakiyar sakan na uku ita ce 2,5, gudu a wurin 2 × 2,5 = mita 5 a sakan, a yi tafiyar sakan ɗaya da shi, mita 5 ke nan. Wanda ya fahimci haka ko ya manta ƙa'idar a ɗakin jarrabawa zai sake gina ta.

Mataki na huɗu: idan an ce sakan na ƙarshe

A nan ba a ba ka lambar ɗigon ba, kai za ka nemo. An saki dutse a bakin rijiya mai zurfin mita 20, an ce a ɗauki ƙaruwar gudun faɗuwa g = 10 m/s² (ainihinsa kusan 9,8 ne, ka bi abin da takarda ta ba ka). Fara neman tsawon lokacin faɗuwar duka, T, da ƙa'idar ½gT²: 20 = 5T², T = sakan 2. Sakan na ƙarshe daga 1 zuwa 2 ne: 20 − 5 = mita 15. Kashi uku cikin huɗu na zurfin rijiyar a sakan na ƙarshe dutsen ya ci shi.

Wani lokaci sai a juya tambayar: abu ya faɗo daga tsaye, ya yi mita 35 a sakan na ƙarshe, daga wane tsayi aka sake shi? Kira lokacin duka T. Sakan na ƙarshe daga T − 1 zuwa T ne. Sai ka rubuta 5T² − 5(T − 1)² = 35. In ka warware baka, 10T − 5 = 35, T = 4, tsayi kuwa 5 × 16 = mita 80. Duk wahalar tana wurin rubuta T − 1 da T a kan layi. Sauran lissafin ɗan aji uku ma zai yi.

Mataki na biyar: zaɓi sifirin agogo, ka tsaya a kansa

Wannan shi ne «origine des dates». Tambayoyin motoci biyu a nan suke kama mutane. Motar haya ta tashi daga Garwa zuwa Ngaundare da ƙarfe 6 na safe, tana kilomita 60 a awa. Da ƙarfe 6 da rabi wata ta bi bayanta tana kilomita 80 a awa. Yaushe za ta cim mata?

Agogo ɗaya za a yi wa motocin biyu. Mu sa t = 0 a ƙarfe 6. Ta farko: x₁ = 60t. Ta biyu ba ta fara motsi ba sai da agogon ya kai rabin awa, don haka tsawon tafiyarta t − 0,5 ne: x₂ = 80(t − 0,5). In ka rasa ko ragi za ka yi ko tarawa, gwada da hankali: a lokacin da t = 0,5 dole motar ta biyu tana tasha, x₂ sifiri. Ragi ne kawai ke ba da haka. Daidaita su: 60t = 80t − 40, t = awa 2. Amsar ita ce ƙarfe 8 na safe, kilomita 120 daga Garwa. Ka lura da abu uku da suka bambanta a nan: t = awa 2 daga sifirin da muka zaɓa, ƙarfe 8 a agogon hannu, da kuma awa ɗaya da rabi da mota ta biyu ta yi tana tafiya. Karanta tambayar ka ga wanne aka nema.

Sannan batun juya minti zuwa awa. Minti 30 shi ne awa 0,5, ba 0,30 ba. Awa 1 da minti 30 shi ne 1,5. Minti 45 shi ne 0,75. Minti 20 kuwa sulusin awa ne, gara ka bar shi 1/3. Na sha ganin 1 h 30 ya koma 1,30 a takardun ɗalibai, saboda ido ya saba da yadda agogon waya ke rubuta lokaci. Awa minti 60 ce, ba 100 ba, sai an raba da 60. In kuma ƙaruwar gudu tana cikin m/s², to komai ya koma mita da sakan: raba kilomita a awa da 3,6. Kilomita 72 a awa mita 20 ne a sakan.

Mataki na shida: duba ko motsin ya kai ƙarshen lokacin da aka ba ka

A kan wannan nake so a fi daɗewa, domin ko ɗaliban da suka iya sauran sukan faɗa. Mota tana kilomita 72 a awa a hanyar Marwa, direba ya hango garken shanu suna tsallaka titi, ya taka birki, gudu na raguwa da 5 m/s². Nisa nawa motar ta yi a cikin sakan 6 bayan taka birkin?

Mai gaggawa zai rubuta 20 × 6 − ½ × 5 × 36 = 120 − 90 = mita 30. Ba daidai ba ne. Fara tambayar yaushe motar ta tsaya: 20 − 5t = 0, t = sakan 4. Daga 4 zuwa 6 tana tsaye cik. Nisan gaskiya shi ne 20 × 4 − ½ × 5 × 16 = mita 40. Ƙa'idar ba ta san birki ba; in ka ci gaba da ba ta lokaci bayan ɗigon 4, sai ta ɗauka motar ta fara komawa da baya, ta cire mita 10. Kowace ƙa'idar motsi tana da iyakar lokacin da take aiki a ciki, kuma kai ne za ka rubuta iyakar a gefenta: daga 0 zuwa 4.

In tambayar ta ƙara da cewa direban ya ɗauki sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan birki, to layinka ya rabu gida biyu. Daga 0 zuwa 1 gudu bai canza ba, mita 20. Daga 1 zuwa 5 birki ne, mita 40. Jimla mita 60. Gudun ƙarshen zangon farko shi ne gudun farkon zango na biyu. Duk sanda na zo wannan misalin nakan tsaya in ce wa samarin da ke hawan babur su auna mita ashirin da ƙafa a tsakar gida, su ga nisan da abin hawa ke ci kafin ma a taɓa birki.

Ɗan'uwan wannan ramin shi ne abin da ya juya a tsakiyar lokaci. An jefa dutse sama da gudun mita 15 a sakan, g = 10. Tsayinsa y = 15t − 5t². A ɗigon 1 yana mita 10, a ɗigon 2 ma yana mita 10. In ka yi ragi kamar yadda muka saba, sifiri za ka samu a sakan na biyu. Ai kuwa dutsen bai tsaya a iska ba. Ya kai ƙololuwa a 1,5, a tsayin mita 11,25, sannan ya sauko. Ya hau mita 1,25, ya sauko mita 1,25. Canjin wuri sifiri ne, amma nisan da ya ci, «distance parcourue», mita 2,5 ne. Saboda haka kafin ka yi ragi, nemi ɗigon da gudu ya zama sifiri. In ya faɗo a cikin zanar da kake aiki a kai, raba ta biyu a wurin, ka lissafa kowane ɓangare daban, ka tara.

Takardar ɗigo-ɗigo

Wasu tambayoyin da hoto suke zuwa: jerin ɗigo M₀, M₁, M₂ da na'ura ta buga a takarda, tsakanin kowane biyu akwai lokaci τ, misali milisakan 40, wato sakan 0,04. Maganar dirka da zana ce ta dawo. Daga M₀ zuwa M₅ ɗigo shida ne, amma 5τ ne, sakan 0,2. Gudun ɗigon M₃ kuwa ana samunsa ta auna nisan M₂ zuwa M₄ da rula, a raba da 2τ, domin M₃ ne ke tsakiyar lokacin. Kada ka manta da ma'aunin hoton in an ba da shi, kuma ka mai da santimita mita.

Idan tambayar ce ba ta fito fili ba

Yakan faru mai tambaya ya rubuta «après 3 secondes» ba tare da ya fayyace daga ina ake ƙirgawa ba, musamman a motsi mai zango biyu. Ɗauki abin da jimlar ta ambata a kusa, tashi ne ko taka birki, ka ƙirga daga nan. Sannan ka rubuta a takardar amsa, da layi guda, inda ka sa sifirinka da kuma ɗigo biyun da kake aiki tsakaninsu. Mai gyara takarda yana ganin tunaninka, kuma in an raba maki bisa matakai ba za ka tashi hannu rabbana ba.

Ga wadda na ba yarinyar ta tafi da ita gida ranar, kai ma ka gwada kafin ka dubi amsa. Mota tana gudun mita 4 a sakan a t = 0, da ƙaruwar gudu 2 m/s². Nemi nisan sakan huɗu na farko, nisan sakan na huɗu, gudunta a farkon sakan na huɗu, da nisan sakan biyu da suka biyo bayan na uku. Washegari ta dawo da layinta a zane, ta jera wuraren a ƙasa: 0, 5, 12, 21, 32, 45. Amsoshinta mita 32, mita 11, mita 10 a sakan, da mita 24, kuma duka huɗun daidai ne.